Ajin Malama Muhibba a Layin Masu Turare

Duk wanda ya daɗe a Fagge ya san Malama Muhibba, in bai san sunanta ba to ya san tafiyarta. Doguwar mace ce, kafaɗa ɗaya ta ɗan karkace saboda jakar littattafan yara, gefen hijabinta kuwa ba ya rabuwa da farin alli. Da sassafe za ka gan ta a bakin titi tana jiran adaidaita sahu, ido a kumbure, kamar wadda ba ta gama barcin jiya ba. Kuma gaskiya ne, ba ta gama ba. Ta daɗe rabonta da ta gama barci.

Gidansu gidan malamai ne. Kakanta ya yi alƙalanci, mahaifinta Malam Muhammad Nur ya koyar da Larabci a makarantar gwamnati har ƙarfinsa ya ƙare. Ita ce 'yar fari. To, kun dai san halin iyayenmu na da da ɗan fari. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, tun daga ranar suna har ranar da aka kai ta makwancinta ba ta taɓa buɗe baki ta ce Muhibba ba. Sai dai "ke", sai "waccan", in kuma ta yi nisa a tura ƙanenta ya kira yayarsa. Kunya ce, kowa ya sani, har yaba wa mace ake yi a kan haka. Amma yarinya ƙarama ina ruwanta da yabo? Ta tashi tana jin ana kiran ƙannenta da suna, har da kirari in sun ci jarrabawa, ita kuwa sai "ke". Abin ya zauna mata a rai kamar tsakuwa a takalmi, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Da ta gama sakandare ta auri Hadi, mai auna yadi a shagon wani Alhaji a Kantin Kwari. Mutumin kirki ne, sai dai kirki ba ya cika tukunya. Shi ya sa ta shiga koyarwa a wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa, ba takarda ba komai, sai murya da haƙuri. Aka ba ta aji uku, a nan ta yi shekara goma sha wani abu. Tsarinta ɗaya ne: ta rubuta a allo, ta buga bulala a tebur, ta ce a maimaita. Yara su ɗauka da ƙarfi har masu shayi na bakin titi su haddace. Mai makarantar kuwa haka yake so, don iyaye in sun wuce suka ji ihu sai su ce lallai nan ana karatu.

Ana nan sai doka ta zo cewa duk malamin da ba shi da takardar NCE a sallame shi. Mai makaranta ya kira ta ofis, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya ba ta wa'adi. Haka ta shiga kwalejin horar da malamai, karatun Asabar da Lahadi, tana zama benci ɗaya da yaran da ta isa ta haifa. Litinin zuwa Juma'a aji uku, ƙarshen mako kwaleji, tsakani kuma girki da wanki da nata 'ya'yan. Ta lallaɓa ta kai shekarar ƙarshe, ta ce to Alhamdu lillahi, an kusa sauke kaya. Ashe da saura.

A zangon ƙarshe aka kawo musu darasin hidimar al'umma. Kowane ɗalibi zai je inda jama'a ke da buƙata, ya yi musu aiki da abin da ya koya, sannan malami ya zo ya gani da idonsa. Wanda bai ci ba, takardarsa sai baɗi. Ita kuwa Muhibba ba ta da baɗi, wa'adin da aka ba ta ƙarshen wannan zangon ne. In ta faɗi, aikinta ya tafi, abincin gidanta ya tafi da shi.

Malamin darasin, Malam Hamzat, siririn mutum ne mai gilashi, ta girme shi nesa ba kusa ba. Ranar farko ya ce musu yaro a aji ba shi da zaɓi, ko ka iya ko ba ka iya ba dole ya zauna. Ya ce malamin da bai taɓa koyar da wanda zai iya tashi ya tafi abinsa ba, bai san ko ya iya koyarwa ba tukuna. Muhibba ta ja tsaki a ciki. Ita da ta ci alli fiye da tuwo, wai yau wannan ne zai gaya mata koyarwa?

Aka tura ta Kasuwar Sabon Gari, layin masu turare, ta koya wa matan layin karatu da rubutu. An ara musu wata tsohuwar rumfa a ƙarshen layi, da benci, da katakon da aka shafa wa baƙin fenti. Lokacin kuwa tsakanin Azahar da La'asar ne, sa'ar da ciniki ke lafawa. Wato ta tashi daga aji uku, ta faɗa adaidaita, ta kutsa cunkoson mahaɗar Bata a tsakiyar zafin nan mai narkar da ƙwaƙwalwa, hayaƙi a hanci, hon a kunne, ta iso rumfa jiƙe sharkaf da gumi, cikinta ba komai sai ruwan leda.

Matan sun fi goma, amma biyu ne ke riƙe da ajin. Ta farko Inna Yagana, tsohuwa 'yar Barno wadda iyayenta suka zo Kano tana goye. Turaren wuta da humra take sayarwa, kuma duk layin ita ake kallo. In ta zauna an zauna, in ta tashi an tashi. Ta biyu maƙwabciyar rumfarta ce, Nneka, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kwalaben turare, wadda kowa ke kira Maman Chiamaka. Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ta iya ɗan karatunta, rakiyar Inna ce ta kawo ta, don su biyun sun fi shekara ashirin suna cin abincin rana a kwano ɗaya.

Ranar farko Muhibba ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a can saman allo, inda ko gogewa ba a yi, ya zauna a nan har ƙarshen zango. Sai ta juyo ta ɗauke su tamkar 'yan aji uku. A tashi a gaida malama. A maimaita. A sake maimaitawa. Mata masu jikoki suna miƙewa da ƙyar, gwiwa na ƙara, suna rera baƙaƙe suna dariya a bayan mayafi. In mai saye ya yi sallama a layi, sai wata ta zame ta tafi, ran Malama ya ɓaci. Duk da haka suka daure mata, don sun ga ita ma wahala ce ta koro ta.

Sai ranar da abin ya faru. Littafin da kwaleji ta ba su ya ce a fara wa manya da sunayen iyalinsu, don abin da mutum yake ƙauna ya fi saurin zama a kai. Ran nan Muhibba ta zo da ciwon kai, mai makaranta ya yi mata faɗa a gaban yara, ɗan adaidaita kuma ya sauke ta tun kafin Bata ya ce ba zai shiga ba. Ta aje jaka ta ce kowace ta faɗi sunan ɗanta na fari, a rubuta mata a allo. Nneka ta ce Chiamaka da ƙarfinta, tana murmushi, ai da sunan ake kiranta. Matasan cikinsu suka faɗa suna sunkuyar da kai. Aka zo kan Inna Yagana, sai ta dukar da kai tana kallon tabon lalle a hannunta.

"Inna, nan aji ne, ba a kunya a aji. Faɗi sunan."

Wata daga baya ta yi gyaran murya, irin na a bar maganar. Muhibba ta yi kunnen uwar shegu, ta buga magogin allo a benci.

"Ke kika haife shi fa, ba wata ba. Sunan ɗan cikinki ne zai gagare ki faɗa?"

Kada wani ya ce mantawa ta yi. Wa ya kai Muhibba sanin wannan kunya? Wallahi ta san abin da take yi. Bakinta na magana da Inna Yagana, amma zuciyarta da wata take, wadda ke kwance a maƙabarta ba za ta sake amsa kowa ba. Inna Yagana ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ce, "Malama, Allah ya ba da lada." Ta fita. Ba a jima ba wannan ta ce za ta duba rumfa, waccan ta ce ta ji kamar ana kiranta. Kafin La'asar benci ya zama wayam.

Zama na gaba ta iso da guminta ta tarar ba kowa. Na gaba ma haka. Ta zauna ita kaɗai a rumfa, ƙamshin turare na shigowa yana ƙara mata ciwon kai. Ba kuka ta yi ba, ta gaji da yawa har kukan ma ya zame mata aiki. A gida Hadi ya ba ta shawara ta kwashi ƙannensa mata da maƙwabta ta cika benci ranar da malami zai zo, ai wasu 'yan ajinsu haka suke shirin yi. Ta kusa yarda. Abin da ya hana ta ba tsoron Allah kaɗai ba ne, a faɗi gaskiya. Malam Hamzat ya taɓa zagayawa layin, ya san fuskoki.

Nneka ce ta leƙo ta a rana ta uku, ta zauna ta wanke ta tas. Ta ce ita da take baƙuwa ta san ba a yi wa Inna wannan tambaya, balle 'yar gida. Sannan ta gaya mata abin da ya kawo tsohuwar aji tun farko. Ɗan farin nata direban tirela ne, kullum yana hanya tsakanin Kano da Fatakwal. Ya saya mata waya, amma in ta yi ƙara ba ta san ko shi ne ba sai ta ɗauka, in kuma ta rasa kiran ba ta san wa ya kira ba. In tana son jin muryarsa sai ta miƙa wa Nneka wayar ta ce a nemo mata mutumin hanya. Ran da Nneka ba ta fito ba, haka za ta wuni da wayar a ƙugu, don ba za ta iya gaya wa wani sunan da zai nemo ba. Abin da take so ke nan, ta gane sunan da idonta. Ba ta zo don ta rera baƙaƙe ba.

Muhibba ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Wata guda tana tsaye a gaban matan nan, ko sau ɗaya ba ta tambayi wata me ya kawo ta ba.

Ta tafi rumfar Inna Yagana ta durƙusa har ƙasa ta ba da haƙuri. Tsohuwar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai matsa mata a kan tabarma, ta miƙa mata mazurari ta ce ta taya ta ɗura humra a kwalabe. Haka Muhibba ta yi ta zuwa, lokacin darasi ya zama lokacin ɗura humra da tsince itacen turare. Tana zaune tana ganin yadda Inna ke koya wa masu saye haɗi: ba ta ɗaga murya, sai ta fara tambayar mace na amarya take so ko na mai jego, ɗakin babba ne ko ƙarami, sannan ta ɗora mata a hannu ta ce shinshina. Wata rana, ba tare da ta shirya ba, Muhibba ta ji bakinta yana ba da labarin mahaifiyarta, da "ke", da "waccan", da yadda ta tsaya a kan gawar tana jira kamar har yanzu akwai sauran dama.

Inna Yagana ta daɗe tana juya kwalba a hannu kafin ta yi magana.

"Kina tsammanin ba ma so mu faɗa ne? Tun ranar suna yana nan a bakina. Haɗiye shi nake yi kullum."

Muhibba ta sunkuyar da kai. Can ta tambaya a hankali, in baki ne ba ya faɗa, hannu fa? Tsohuwar ta yi tunani, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an hana hannu ba. Aka kira Nneka. Inna ta kau da fuska tana gyara garwashi a kasko kamar ba da ita ake ba, Nneka ta raɗa sunan a kunnen Malama: Abdulƙahhar. Muhibba ta ce a ranta, kai, duk gajerun sunayen duniya sai wannan mai tsawon tirelar tasa.

Da Inna ta dawo benci, layi ya dawo. Amma ajin ba na da ba ne. Ba tashi gaisuwa, ba rerawa. Muhibba ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar me kowace ke so. Wannan so take ta karanta rubutun jikin kwalaben mai da ake kawo mata, don an taɓa sayar mata da wani a madadin wani. Waccan sakamakon jarrabawar 'yarta take so ta gane da kanta. Wata kuwa ta gaji da dangwala yatsa a banki. In mai saye ya yi sallama, Malama da kanta ke cewa je ki, za mu jira. Aikin ya ninka, gajiyar ma ta ninka. Abin ya bi ta har aji uku. Sai ta tsinci kanta tana kallon fuskokin yaran tana tambayar kanta, in an buɗe ƙofar nan an ce mai so ya tafi, su nawa za su rage? Amsar ba ta yi mata daɗi ba. Ta jefa bulalar a bayan kabad, ihun ajin ya ragu, mai makaranta ya fara yi mata kallon wadda lalaci ya kama.

Inna Yagana kuwa ta sha fama. Hannun da ya saba da ludayi da kasko bai saba da alli ba. Baƙi ɗaya sai ya ci mata mako. Ba ta taɓa furta sunan ba, Malama ma ba ta furta shi a gabanta, sai dai a ce baƙin farko, baƙin da ke biye. Don ta ji yadda baƙaƙe ke haɗuwa su yi magana, sai suka riƙa gwadawa da wasu kalmomin, humra, kasko, kwalba, duk abin da ido ya faɗa a kai. Ran da wayarta ta yi ƙara ta duba ta gane shi ne tun kafin ta ɗauka, sai ta tashi ta kawo wa Malama turare a ƙulle a leda.

Ranar dubawa Malam Hamzat ya iso yana share gilashi da bakin riga, shi ma Bata ta gasa shi. Ya ga benci cike, ya ji daɗi. Ya ce sharaɗin kwaleji shi ne ɗaliba ta rubuta, sannan ta karanta abin da ta rubuta da bakinta, don a tabbatar ba zane ta haddace ba. Ya duba ya zaɓi wadda ta fi kowa shekaru. Inna Yagana ta je allo, ta rubuta abin da ta fi iyawa, baƙi bayan baƙi, har ta kai ƙarshe.

"Ma sha Allah. To Inna, karanta mana."

Matan duk suka sunkuyar da kai. Malam Hamzat ya sake maimaitawa da ladabi, biro a sama da takarda. Inna Yagana ta juyo ta dubi Muhibba, kuma Muhibba ta ga leɓen tsohuwar yana motsi. Inna ta san labarin wa'adin, Nneka ta gaya mata. Za ta faɗa. Abin da ta haɗiye shekara arba'in za ta fito da shi a gaban namiji baƙo da matan layi, don kada Malama ta rasa aikinta. Abin da Muhibba za ta yi kawai shi ne ta yi shiru.

Ta taka ta shiga tsakaninsu.

"Malam, wannan ba za ta karanta ba. Ɗan farinta ne."

Malam Hamzat ɗan gidan malamai ne shi ma, nan take ya gane, har ya ɗan ja da baya. Amma ya ce shi fa ba zai sa hannu a kan abin da kunnensa bai ji ba, amana aka ba shi. Muhibba ta ce to kada ya sa. Ta faɗa ne a hankali, ba don jarumta ba, ta ji dai kawai ta gaji da tilasta wa mutane buɗe baki. A ranta ta riga ta fara tunanin yadda za ta gaya wa Hadi.

Sai suka ji ƙarar alli. Inna Yagana ta goge sunan ɗanta da gefen mayafinta, a hankali, kamar mai share wa jariri fuska. Ta fara wani rubutun a ƙasa, ba ta ko ɗaga kai ta dubi saman allo ba. Da ta gama ta sa yatsa a ƙarƙashin baƙin farko.

"Wannan ba ni na haife ta ba, zan iya faɗa. Mu… hib… ba."

Malam Hamzat ya karɓi allin ya rubuta mata humra, ta karanta. Ya rubuta kasko, ta yi ɗan jim, ta karanta. Ya gwada wasu mata uku, sannan ya sa hannu. Da zai tafi ya ce wa Muhibba ta ci, kuma ba don rubutun allo kaɗai ba. Ta ce ta gode. Ko murnar ba ta da ƙarfin yi.

Aka kira La'asar, matan suka watse zuwa rumfunansu. Ta rage ita kaɗai tana tattara guntayen alli a gwangwani, bayanta na ciwo, tana tunanin cunkoson Bata da tulin littattafan aji uku da ke jiran maki a jaka, da miyar da ba ta kaɗa ba. Gobe ma da sassafe tana bakin titi. Takardar ba za ta rage mata ko ɗaya daga cikin wannan ba, ta dai hana a kore ta.

Ta rataya jaka ke nan sai ta ji murya daga cikin layi, ba da ƙarfi ba, irin kiran da ake yi daga ɗaki in an sauke tukunya.

"Muhibba. Zo ki ci abinci kafin ki tafi."

Ta tsaya cak a bakin rumfa, jakar ta zame daga kafaɗarta. Mace mai shekara arba'in, mai 'ya'ya huɗu, ta buɗe baki. Muryar ta fito, siririya, kamar ta yarinya.

"Na'am, Inna."